Fina-finan da Ba a Bar Ni Na Ga Ƙarshensu Ba

Sallama gare ku, masu karanta ni. Da kumburarrun idanu nake wannan rubutu, kuma fim ne ya jawo. Fina-finai uku na kalla a 'yan kwanakin nan, tsofaffi, waɗanda na sani tun ina yarinya, ko in ce na ɗauka na sani. Amma kafin in kai ku can, bari ku fara jin halin da nake ciki a gida.

Yayana ya ba ni wa'adi. Ranar da ya zo gaishe da Mama ya kira ni falo, ya nuna mini kujera da baki.

"Shiru, zauna."

Shiru ake ce mini a gida. Tun ina ƙarama in baƙo ya shigo bayan labule nake shigewa, sunan ya bi ni har na girma.

"Yaron nan mai tura fina-finai a waya," in ji Yaya, "ya daɗe yana zarya a gidan nan. Na tambayi Mama, ta ce ba ki ce mata komai ba. Na tambayi Auta, ta ce in ya zo hira daga 'lafiya lau' sai 'to' yake samu. Ni ba zan bar ɗan mutane yana ƙarar da takalminsa a banza ba. Yaro ne mai hankali, ga shi da shagonsa na kansa. Ƙarshen mako zan dawo. In kina sonsa ki faɗa mini da bakinki, ba ta bakin Auta ba. In na ji shiru kuma, zan ba shi haƙuri ya nemi wata."

Na kafa ido a kan yatsun ƙafata kamar ranar na fara ganinsu. A cikin raina ina ta ihu, wallahi ina sonsa, Yaya, ina sonsa! A fili kuwa ko tari ban iya ba.

Auta, ƙanwata, tana laɓe a bakin kicin. Yaya na fita ta faɗo falon tana tafa hannu.

"Shi ke nan, Mai Memori ya tafi! Anti Shiru, ki ba ni aron bakinki in je in faɗa, in dawo miki da abinki."

Na jefe ta da matashin kujera. Ita ce ta raɗa masa Mai Memori, har ni ma a wayata haka na ajiye lambarsa.

Ina ƙarama ina da lalurar suma. In na tsorata ko na yi kuka mai yawa, sai numfashina ya ɗauke in zube. Dalilin da ya sa ke nan daga firamare aka ce in zauna a gida. Na daɗe da warkewa, rabona da faɗuwa har na manta, amma har yau kamar ƙwai ake riƙe ni. In an yi rasuwa a dangi, sai an binne an share hawaye sannan a ce mini, "Af, wance fa ba ta da lafiya sosai." Aikina jera duwatsu a jikin mayafai da riguna. Wata tela ke aiko mini da su, in zauna kusa da taga da allura da ɗan faranti, in wuni ban ce wa kowa uffan ba.

Mutum ɗaya ne nake yi wa surutu a duniya, shi ne Babanmu, Allah ya jiƙansa.

Baba mai gyaran kayan wuta ne. Falonmu kullum cike yake da fankokin mutane da dutsen guga a kwance, Mama tana ta mita. Ranar hutu da rana zai dawo da faifan fim daga shagon haya, a naɗe cikin jarida. Sai a saki labule, a shimfiɗa bargo a ƙasa, Mama ta kawo shayi da biredi. Ni wurina a jikin ƙafarsa yake, ina jin ƙamshin man inji da sabulu a rigarsa.

Fina-finan waje ne, da harshen da babu mai jinsa a gidanmu. Akwai rubutu a ƙasa, amma kafin in haɗa baƙi biyu ya wuce. To Baba ne mai fassara. Shi ma fa ba jin harshen yake yi ba! Kallon fuskokinsu kawai yake yi, ya sa musu maganar da ya ga dama. Saurayi zai durƙusa yana hawaye, sai Baba ya maƙale murya ya ce, "Haba 'yar nan, ko ruwa ba za ki ba ni ba, tun safe ban karya ba." Mama ta yi dariya har ta ƙware.

"Malam, ka ji tsoron Allah, ba haka ya ce ba."

"To ke da kika ji, faɗa mana."

Abu ɗaya ne yake ɓata mana: yawanci dab da ƙarshe sai a ɗauke wuta. Talabijin ya yi ɗif, fanka ta tsaya. In fara ɓata fuska, sai Baba ya ɗora ni a cinya.

"Kwantar da hankalinki, uwata. Ni na taɓa ganinsa. Bari in ƙarasa miki."

Sai ya ba ni ƙarshen da baki, da muryoyi da kiɗa da komai. Washegari a mayar da faifai.

Uku daga cikinsu ne suka zauna mini a rai. Akwai na yarinya mai sayar da furanni a bakin teku da saurayinta masunci. Akwai na direban bas da matar da ke shiga motarsa kullum da lema ruwan ɗorawa. Sai na wani tsoho mai gyaran agogo da 'yarsa tilo. Ban san sunan ko ɗaya ba. Bayan rasuwar Baba na'urar ta lalace, shagon hayar ma ya koma wurin aski, na ɗauka ni da su har abada.

Ta nan Mai Memori ya shigo rayuwata.

Yaya ya canza waya ya ba ni tsohuwar, Auta ta ja ni layin masu gyaran waya a sa mini fim. Shagon ɗan ƙarami ne, kwamfuta biyu, benci ɗaya, igiyoyin caji sun harɗe a bango kamar taliya. Shi kuma siriri, da tabarau, ya naɗe hannun rigarsa zuwa gwiwar hannu.

"Wanne za a sa wa Hajiya?"

Na raɗa wa Auta a kunne. Ta harare ni.

"Wai na mai furanni da mai kamun kifi. Ka ji fa. Ba suna, ba shekara."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma bai yi dariya ba. Ya gyara tabarau, ya dube ni, ni ba Auta ba.

"Jirgin nasa wane launi ne?"

"Shuɗi," na ce, da wata 'yar murya da ni kaina da ƙyar na ji. "An zana kifi a jikinsa."

"Ki ba ni lokaci."

Jama'a, sai da ya nemo shi. Ranar da Auta ta dawo mini da memori na sa a waya, na ga shuɗin jirgin nan yana lilo a kan ruwa, sai na ji ƙamshin man inji a hancina. Na rufe ƙofa, na ja bargo na lulluɓa, na danna wurin saƙon murya. Rubutu yana ba ni wahala, ido da ido kuma ba na iyawa, amma ashe a ƙarƙashin bargo ni ma ina da baki.

"Na gode. Shi ne. Ka ga wurin da ta ɓoye masa fure a cikin kwandon kifi? Babana cewa yake wai don ta rage ƙarni ne."

Ya amsa da dariya. "Babanki ya fi mai fim ɗin iya labari. Me kuma ya ce?"

Daga nan aka ɓalle. Ya nemo na mai lema, ya nemo na mai agogo, duka ukun kashi-kashi yake sa mini su a memori. Ni in kalla in aika masa da fassarar Baba, shi ya faɗa mini abin da rubutun ƙasan ya ce, mu yi ta dariya. Na ba shi labarin ƙarshen kowanne tun kafin in kai. Yadda jirgin masunci ya dawo da hantsi maƙare da kifi, aka yi biki a bakin ruwa. Yadda direba ya tsayar da bas a tsakiyar titi ya nemi auren mai lema, fasinjoji suna tafi. Yadda 'yar mai agogo ta dawo daga birni da magani, tsohon ya sha ya miƙe, har ya taka rawa ranar aurenta.

Ranar da na ba shi waɗannan labarai ya daɗe bai amsa ba. Can ya turo da gajeren saƙo: "Allah ya jiƙan Baba."

Ba a jima ba ya fara zuwa gida da izinin Yaya. Sai dai in ya zauna a falo, na sha doguwar rigata mai ruwan toka, na ja mayafi har goshi, bakina sai ya ɗinke. Shi ya san ni ta waya, bai damu ba. 'Yan gida kuwa ba su san da wata waya ba, shiru kawai suke gani.

Abin da ya ɗaure mini kai, duk fina-finan uku ba su kai ƙarshe ba. Na masunci ya tsaya daidai inda hadari ya haɗo, yarinyar tana tsaye a kan dutse. Na mai lema ya tsaya ranar da ba ta zo tasha ba. Na tambaye shi.

"Haka suka zo," ya ce. "Tsofaffi ne, kin san sai a hankali. Ai kin san ƙarshen."

Na yarda. Me zai sa in ƙi?

Kwana biyu bayan Yaya ya ba ni wa'adi, ina zaune bakin taga ina jera duwatsu a wani farin mayafi, Auta ta shigo kamar an jefo ta, ko jakar makaranta ba ta ajiye ba.

"Anti Shiru! Fim ɗinki na mai kifi, ashe ƙawata tana da shi cikakke. Kai, amma mutanen nan mugaye ne. A ce mutum ya nitse ana gobe bikinsa?"

Allura ta shige mini yatsa.

"Wa ya nitse?"

"Mai kifin mana. Jirgin ne kawai ya dawo, babu kowa a ciki."

"Ƙarya ne. Ya dawo da hantsi."

"Wane hantsi? Ga shi na turo a wayata."

Na karɓa. Na ja shi zuwa wurin hadarin. Wannan karon bai tsaya ba. Na ga an wayi gari, na ga shuɗin jirgin yana tahowa shi kaɗai, igiyar ruwa tana turo shi. Mutanen gari suka tsaya cirko-cirko. Yarinyar ta shiga ruwa har ƙugu, ta kama bakin jirgin ta leƙa. Babu komai sai kwando. Ba ta yi ihu ba. Ta juye duk furanninta a ciki, ta tura jirgin ya koma.

Na ajiye wayar a hankali. Auta ta ga fuskata, sai ta rikice.

"Mama! Mama, zo! Na shiga uku, za ta faɗi!"

Mama ta fito da gudu da ludayi a hannu, ta riƙe kafaɗuna. "Ja numfashi, ja numfashi. Ke kuma Auta, bakinki zai kashe ki wata rana!"

"Mama, ba zan faɗi ba," na ce. "Baba ya ce mini ya dawo."

Mama ta dube ni, ta dubi wayar. Sai ta zauna a hannun kujera, ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da ƙwalla.

"Oh, Malam. Allah ya jiƙanka." Ta share ido da gefen ɗankwali. "Ke yanzu, gidan mai gyaran wuta guda, a ce kullum sai a ƙarshen fim wuta take ɗaukewa, ba ki taɓa tunanin komai ba? Rediyon maƙwabta fa yana ta yi."

Na yi sororo.

"Tun ranar da kika suma a kan wani fim da aka kashe doki, ya ce ba za a sake ba. A shagon haya yake fara kallo. In ƙarshen mai daɗi ne a bar ki ki gani. In na kuka ne, sai ya yi tari sau biyu, Yayanki ya zame ya je bayan ƙofa ya kashe babban makunni."

"Yaya?"

"Shi fa. Har rigima suke yi, wai shi ma yana son ganin ƙarshen."

Auta ta fashe da dariya, ta ga babu mai taya ta, ta haɗiye.

Ni kuwa ba fim ne a raina ba a lokacin. Wata tafiya na tuna. Lokacin da ciwon Baba ya yi tsanani, aka haɗa mini kaya a jaka aka ce in je in taya Gwaggo zama, wai ƙafarta ta kumbura. Na shiga yi masa sallama, yana kwance, ya rame, amma ya yi mini murmushi ya ce, "Je ki, uwata, kafin ki dawo na miƙe." Kullum in na tambaya a ce yana samun sauƙi. Da na dawo, an ɗage katifarsa an jingine a bango.

"Mama, zuwana gidan Gwaggo, wa ya ce a kai ni?"

Ta daɗe tana juya ludayin a hannunta.

"Shi ya ce."

Na shiga ɗaki na rufe. Ban ji haushin Baba ba, wallahi ko kaɗan. Kewarsa ce ta taso mini sabuwa fil, kamar a ranar aka yi. Mutumin da zai zauna a shagon haya cikin zafi ya kalli fim sau biyu don kar 'yarsa ta yi kuka. Amma duk da haka na so a ce an bar ni na riƙe hannunsa. Ko da zan suma, ai da na farfaɗo.

Sai kuma Mai Memori ya faɗo mini a rai. Fim uku, duka su yanke daidai wurin da ya kamata? Wannan karon ban shiga bargo ba. A tsaye na yi saƙon.

"Kai ka yanke su?"

Na ga alamar ya saurara. Ya fara rubutu, ya goge. Ya sake farawa, ya goge. Can saƙon murya ya shigo.

"Ni ne. Ki yi haƙuri. Da kika ba ni labarin yadda Baba ya ƙarasa miki su, sai na ji ba zan iya zama wanda zai rushe miki ba."

"Gobe da yamma ka zo da sauran. Duka."

"Kin tabbata?"

Na kife wayar a kan gado.

Washegari na sa doguwar riga shuɗiya wadda na jera wa duwatsu da hannuna a wuya, na yafa mayafi a kafaɗa maimakon goshi. Auta ta kalle ni sama da ƙasa.

"Yau kuma yaƙi za a je ko biki?"

Ya zo da ƙaramar kwamfuta a jakar baya. Ya gaishe da Mama, ya zauna a bakin kujera kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Auta ta kawo ruwa, ta nemi wuri ta dasa kanta, wai ita ce 'yar rakiya.

Muka fara da na mai lema. Ashe ranar da ba ta zo tasha ba aure ta yi. Kuma bas ɗinsa aka ɗauka haya don kai 'yan biki, bai sani ba sai da ya hango ta a madubi. Ya kai su lafiya, ya buɗe musu ƙofa, har ya taya su sauke kaya.

"Amma wannan direba sakarai ne," in ji Auta. "Shekara da shekaru yana kallon mace a madubi bai ce komai ba. Wa ya tuna miki, Anti?"

"Auta, zan ci mutuncinki."

Mai Memori ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Sannan ya dube ni. "Na ƙarshen ya fi nauyi. Ko a bar shi?"

"Sa."

Tsoho mai agogo yana kwance. Ya kira 'yarsa, ya ba ta takardar magani, ya ce sai a birni ake samu. Tana fita ya kira maƙwabcinsa. Na juya na ce wa Mai Memori, "Karanta mini rubutun. Yadda yake, kar ka gyara."

Ya karanta. Tsohon yana cewa babu wani magani, likita ya riga ya gaya masa. Ba ya son ta ga fitar ransa ne. Yarinyar ta dawo da kwalba a hannu, tana sauri, tana murmushi, ta tarar da shagon a rufe, mutane zaune a ƙofa.

Nan na yi kukan da ban yi ba shekarun nan duka. Ba na ɓoye ba, mai sauti, har da shessheƙa. Mama ta leƙo a tsorace, Auta ta riƙo kofin ruwa tana jiran in zube. Na yi mai isata, na jawo gefen mayafi na share fuska. Ina nan zaune daram. Numfashina bai je ko'ina ba.

"Kun gani?" na ce. "Ban faɗi ba."

Mama ta saki labule ta koma, ina jin tana jan hanci.

Na juya gare shi. Karo na farko ke nan da na kalli tsakiyar idonsa, ashe akwai ɗan tabo a girarsa ta hagu.

"Babana ya yi don ina yarinya, kuma ina da ciwo. Kai kuma fa? Ni ba yarinya ba ce. In za a yi kuka, a bar ni in yi abina."

"Na yi kuskure."

"Bayan fim, akwai wani abin da ka yanke mini?"

Ban san me ya sa na yi tambayar ba. Na ɗauka zai ce babu. Sai na ga ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa.

"Auta," na ce, "je ki taya Mama."

"Yanzu da abin ya zo wurin daɗi?"

"Je ki!"

Ta fita tana ƙunƙuni. Ya mayar da tabaransa.

"Shagon nan ba nawa ba ne. Na maigidana ne, ni aiki nake yi masa, yana biyana a wata. Ranar farko Yaya ya ce mini, 'Ya shagon naka?' Na ce alhamdulillahi. Daga nan ya ɗauka nawa ne, ni kuma na kasa gyarawa. Kullum in na zo da niyyar faɗa sai in ji tsoron kar a ce in daina zuwa. Ina tarin kuɗi, ina son in buɗe nawa, amma da saura."

Na yi shiru, amma ba irin shirun da aka san ni da shi ba. Tunani nake yi. Na san Yaya. Zai iya haƙura da talauci, amma ya tsani a rufe shi.

"Ranar da zai zo, ka riga ni zuwa wurinsa. Ka faɗa masa da bakinka."

"In ya kore ni fa?"

"Ka faɗa masa dai."

Ƙarshen mako ya zo, ni ko barcin kirki ban samu ba. Yaya ya iso da hantsi, Mama ta kawo masa shayi. Bai kai rabin kofi ba Mai Memori ya yi sallama, cikin farar riga da ta sha guga har tana ɗaukar ido. Ni ina kujerar gefe, hannuwana a cikin mayafi.

Ya durƙusa ya faɗa. Bai rage komai ba, har albashin da ake ba shi.

Yaya ya ajiye kofin a hankali. In ya yi haka, mun san babu lafiya.

"Wato duk watannin nan ina gaya wa mutane ƙanwata ta samu mai shagon kansa, kana ji, ka bar ni ina zuba?"

"Na yi laifi, Yaya."

"Ni ba yayanka ba ne tukuna. Tashi ka je. In ina nemanka zan aika."

Ya tashi. Bai kalle ni ba, ya sa takalmi ya fita. Na ji ƙarar ƙofar gida har cikin ƙirjina.

Yaya ya sauke numfashi, ya juyo gare ni da muryar nan mai taushi da ake yi mini tun ina ƙarama.

"Shiru, kar ki sa komai a ranki, kin ji? Allah ne ya taimake mu. Ba sai kin ce komai ba, na hutar da ke. Tashi ki shiga ciki ki kwanta."

Ƙafafuna har sun fara bin umarni. Na danne su.

"Yaya."

"Na'am?"

"Na riga ka ji. Ni na ce ya zo ya faɗa maka."

Ya ɗaga gira.

"Kuma ka ce in faɗa da bakina." Na ɗago kai. "Ina sonsa."

Ban san da ƙarfi ya fita ba sai da na ji murfin tukunya ya faɗi a kicin. Auta ta leƙo, baki buɗe, karo na farko a rayuwarta babu magana a ciki.

Yaya ya zuba mini ido kamar an canza masa ƙanwa.

"Me kika ce?"

"Ina sonsa. Da shago ko babu. Ya yi laifi, amma ya faɗa, kuma ya san zai iya rasa ni in ya faɗa."

Na kasa karanta fuskar Yaya. Ba murmushi, ba kuma ɗaure fuskar ɗazu ba. Ya dubi Mama da ke tsaye bakin kicin, ta kawar da kai tana gyara ɗaurin zaninta. Ya shafa gemunsa.

"Auta."

"Na'am, Yaya!"

"Bi shi. Ki ce ya dawo, ban gama da shi ba."

Ta zura da gudu ko takalmi babu. Na yunƙura zan shige ɗaki kamar yadda na saba in za a yi maganar manya, sai Yaya ya ɗaga mini hannu.

"Ina za ki? Koma ki zauna. Tunda bakin ya buɗe, a gabanki za a yi ta."

Na koma na zauna. Na fito da hannuwana daga cikin mayafi, na ɗora su a kan gwiwa. Daga waje na jiyo muryar Auta tana cewa, "Ka shigo mana, ai ba cinye ka zai yi ba," sannan aka turo ƙofa.